Haƙuri Ba Ya Biyan Kuɗin Ɗaki: Magana A Kan Yaronmu Lauya Da Ke Liyon



Muna neman gafarar dattawa tun da wuri, domin maganar da za mu yi a wannan fitowa ba za ta yi wa waɗansu daɗi ba. Kowa ya san abin da ya faru a taronmu na ƙarshen wata, bayan la'asar, sa'ad da aka karanta takardar yaron nan namu da ke aikin lauya a Liyon, cikin ƙasar Faransa. Ba za mu ambaci sunansa ba, ko na gidansu, ko na ofishin da yake aiki. Wanda ya sani ya sani. Yaron ya ce wata bakwai ke nan da kama aikinsa na fari, abin da ake ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, ga shi kuwa an yi masa tayi a Faris, babban birnin ƙasar, da kuɗi mai kauri, yana neman shawarar iyaye. Tun ba a kai ƙarshen takardar ba zaure ya ruɗe. Wani ya ce yaran zamani ba su da gindin zama. Wani ya ce butulci ne. Wani dattijo da muke ganin girmansa ƙwarai ya ce a rubuta masa ya zauna shekara uku cur ko da ruwa zai riƙa sha, wai mai haƙuri shi kan dafa dutse. A kan haka aka watse, aka ce magatakarda ya rubuta.

To, mu masu buga wannan takarda mun ce kada a aika da wannan wasiƙa. Hukunci ne aka yanke ba a ji shaida ba, mafi yawan waɗanda suka ɗaga murya kuwa ba su san irin aikin da suke magana a kansa ba. Mu ma da ba mu sani ba, sai da muka bincika.

Farkon abin da ya ruɗe mu shi ne lissafi. A shekarar 2024 majalisar lauyoyin Faris ta ajiye cewa kada a ba sabon lauya ƙasa da Yuro 3,500 a wata cikin shekararsa ta fari. Na Liyon bai kai haka ba. Da mutumin Zongo ya ji Yuro 3,500 sai ya buga shi da 656, ya ga sefa miliyan biyu da dubu ɗari uku ba kaɗan, sai ya riƙe baki ya ce, kai, wannan yaro me yake nema kuma a duniya? Abin da ba mu sani ba shi ne, kuɗin nan ba albashi ba ne. A Faransa lauyoyi masu cin albashi kaɗan ne ƙwarai. Kusan duk sabon lauya yakan shiga ofishin wani babba ne da sunan wai shi abokin aiki ne mai zaman kansa. Watau a takarda shi ba yaron kowa ba ne, ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, a ƙarshen wata yakan rubuta wa mai ofis takardar neman biya kamar yadda tela ke rubuta wa mai ɗinki. Suna mai daɗin ji. Amma daga cikin abin da aka miƙa masa shi zai biya hukumar URSSAF mai tara kuɗin asibiti da sauran inshora, shi zai zuba wa asusun fansho na lauyoyi, shi zai biya kuɗin majalisar lauyoyi, sa'an nan ga haraji yana jiransa. Mugun abin kuwa, a farko hukuma takan karɓi kaɗan bisa ƙiyasi, yaro ya ga kuɗi a hannu ya ɗauka nasa ne, sai daga baya a zo da cikon lissafi a ce kawo. Ran da mai ofis ya ce ya gaji da shi, babu kuɗin rashin aiki irin wanda ma'aikacin masaƙa ko mai share titi ke samu, domin wai shi ba ma'aikaci ba ne. Ko ɗaki zai kama, masu gidaje sukan ce ya nuna takardar albashi mai ninki uku na kuɗin haya, shi kuwa ba shi da takardar albashi sam.

Wannan fa bayan ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya ci jarrabawar shiga makarantar lauyoyi wadda ba a yarda mutum ya zauna mata fiye da sau uku ba, ya yi wata goma sha takwas a makarantar, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa gaban alƙalan kotun ɗaukaka ƙara, a gidan shari'ar nan mai ginshiƙi 24 da ke bakin kogin Saône. Hotonsa na ranar, da baƙar riga da farin ƙyalle a wuya, yana rataye a shaguna uku cikin Zongon nan. Mun iya rataye hoto.

Sai mai karatu ya ce, to me ya sa mai hankali zai yarda da irin wannan ciniki? Akwai dalili, a nan kuma zancen yake. Dokar Faransa, tun ta 31 ga Disamba 1971 har zuwa ta 2 ga Agusta 2005, da kuma sashe na 14 na ƙa'idar lauyoyin ƙasar, sun ce abin da aka ba sabon lauya a madadin albashi da kāriyar ma'aikaci abu biyu ne. Na ɗaya a koya masa aiki. Na biyu a bar shi ya nemi nasa masu ƙara, ya karɓe su a cikin ofishin, ya yi amfani da waya da ɗaki da magatakarda, cikin shekara biyar na fari kuwa ba a yarda a ce ya biya ko anini saboda wannan ba. Watau mai ofis ya ci ƙarfinsa da arha, shi kuma ya kafa gindinsa a inuwar mai ofis, har ran da zai buɗe nasa.

Dattawa, ashe ba ku gane wannan ba? Ai naku ne. Haka iyayenmu suka yi a Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan, a fataucin goro da na shanu. Yaro ya zo wurin mai gida ba shi da ko wandon sauyi. Ya yi shekaru yana tarbar baƙi, yana ɗaukar huhu, yana kwana a kara, babu wanda ya yanka masa albashi. Amma a ƙwaryar gidan yake ci, a zauren gidan yake kwana, ran salla da rigarsa, in ya fara wayo a sa shi dillanci ya riƙa samun nasa rabo cikin la'ada. In ya isa, mai gida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya nuna shi ga fatake ya ce wannan ɗana ne. Haƙurin yaro rabin ciniki ne, ɗaya rabin yana wuyan mai gida. Mai gidan da ya ci ƙarfin yara shekara da shekaru bai yaye ko ɗaya ba, Zongo duka ya san shi, yara sukan gudu daga gidansa, ba kuwa wanda ke ce musu butulu. Shi ake zunɗe a masallaci. Yaya aka yi yau kuka riƙe rabin maganar kuka ya da rabi? Wani malami a taron ya kawo misalin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata gare shi, da ya yi kiwo shekaru a Madyana. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani. Amma a tuna, tun ran fari aka faɗi yawan shekarun, aka kuma faɗi ladan.

To, a koma ga takardar yaron, a karanta wurin da hayaniya ta hana mu ji. Ya ce tun takwas na safe yake shiga, ba ya fita sai tara na dare. Ya ce cikin wata bakwai bai karɓi mai ƙara nasa ko ɗaya ba. Ba don babu ba: mutanenmu na unguwar Guillotière, masu shaguna da masu neman takardar zama, suna ta nemansa, amma da ya ce zai ga wani sai a ce ɗakin baƙi a cike yake, ko a ɗora masa wani aiki na gaggawa. Ya ce bai taɓa tsayawa gaban alƙali ya yi magana ba sai neman ɗage rana. Ga mai gidan da kuke cewa a yi wa haƙuri. Arhar ya karɓa, jarin ya hana.

Kada a ce zafin kai ne na yaro, domin alƙalan Faransa kansu sun yi hukunci a kan irin wannan, a garin nan na Liyon kuwa abin ya taso. Wata lauya ta yi shekara biyar a wani ofis da sunan mai zaman kanta, cikin shekarun nan biyar shari'a biyar tak ta samu ta yi da sunanta, saboda yadda aka tsara mata aiki. Kotun ɗaukaka ƙara ta Liyon ta ce wannan ba zaman kai ba ne, ma'aikaciya ce aka sa wa wani suna. Ofishin ya kai ƙara gaba, ran 14 ga Mayu 2009 kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da hukuncin. Shekara biyar ta yi tana haƙuri, jama'a, irin haƙurin da kuke so ku aika wa yaronmu cikin ambulan. Dutsen bai dahu ba sai da alƙali ya hura wutar.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi cikin abin da dattawa suka faɗa, ba kuwa za mu raina ta ba. Sun ce yaron ya aika takardun neman aiki da yawa, ba wanda ya amsa, sai wannan Bature ya ɗauke shi bai dubi sunansa ko launinsa ba, saboda haka akwai halacci a tsakani. Mun san ƙofa ba ta buɗe wa namu da sauƙi a can. A 2018 ofishin mai kāre haƙƙin jama'a na Faransa, sa'ad da Jacques Toubon ke riƙe da shi, ya tambayi lauyoyi fiye da 7,000, fiye da rabin matan suka ce an nuna musu bambanci a wurin aiki, baƙaƙe da Larabawa da Musulmi kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Saboda haka wanda ya buɗe ƙofa a gode masa, a yi masa addu'a, in an haɗu a gaishe shi da ladabi. Amma godiya daban, jingina daban. Mutumin bai ɗauki yaron sadaka ba, aiki yake yi masa, yana kuma karɓar kuɗin aikin nan daga masu ƙara ninkin ba ninkin. Abin da muke tsoro shi ne mu koya wa 'ya'yanmu cewa tun da da ƙyar ake ɗaukarsu, to duk abin da aka jefa musu su durƙusa su karɓa. In muka yi haka mu ne muka karya farashinsu da bakinmu, kowane mai ofis kuwa zai gane cewa ɗan Afirka arha gare shi, ba ya motsi.

An kuma ce wai in ya tashi da wuri sunansa zai ɓaci, ba mai sake ɗaukarsa. Wannan magana ta fi kama da ta gidan gwamna a zamanin da, inda mutum kan shiga yana saurayi ya fito da furfura da lambar yabo. Lauyoyin Faris sun haura 30,000, Liyon ce ta biye mata da dubbai kaɗan, sauya ofis kuwa a cikinsu ba abin ɗaga kai ba ne. Ƙa'idarsu ta shirya wa tashi hanya sarai. A ba da sanarwa ta wata uku, in kuwa ana cikin kwanakin gwaji ne kwana takwas. Ba a yarda a rubuta wa lauya sharaɗin da zai hana shi kafa nasa ofis daga baya ba, iyaka in wani mai ƙara na tsohon gidan ya biyo shi cikin shekara biyu sai ya sanar da tsohon gidan kafin ya karɓe shi. In rigima ta tashi a kai ta gaban shugaban lauyoyin garin, wanda suke kira Mai Sanda. Mutanen da suka rubuta wa abu ƙa'ida dalla-dalla haka ba su ɗauke shi abin kunya ba. Abin da ke damun manyansu ma wani ne: a rahoton da lauya Kami Haeri ya miƙa wa ministan shari'a a 2017 an nuna damuwa kan yawan matasan da ke tuɓe baƙar rigar gaba ɗaya kafin su cika shekara goma, mata sun fi yawa. Yaron da aka tilasta wa zama a gidan da ba ya koyon kome, ba lauya mai haƙuri zai zama ba. Wata rana za mu ji yana aikin akawu a kamfanin inshora, hoton nan kuma ya ci gaba da shan ƙura a shago.

Abin mamaki ma, su wa ke yi mana wa'azin karɓar abin da aka bayar? 'Ya'ya da jikokin mutanen da suka ajiye aikin jirgin ƙasa ran 10 ga Oktoba 1947, daga Dakar har Kwatano, ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948, wata biyar da kwanaki suna cin baƙar wuya, don a daidaita su da Turawan da suke aiki ɗaya. Lamine Guèye na Senegal, wanda dokar 1950 ta daidaita albashin ma'aikatan gwamnati ke ɗauke da sunansa, shi ma lauya ne, a Faransa kuma ya yi karatunsa. Da an aika musu irin wasiƙarmu suka bi, da har yanzu muna kan rabin kuɗi.

Bari mu faɗi wadda ba a faɗa a zaure ba. Waɗansu daga cikin masu cewa ya zauna, ba mutuncinsa suke tsaro ba, ɗan abin da yake aikowa kowane wata suke tsoron ya yanke in ya shiga hidimar ƙaura. Tun ran da aka rataye hoton nan aka buɗe masa littafin bashi: kuɗin makarantar ƙanne, rufin ɗaki, ragon suna, maganin gwaggo. Mun ɗora masa kayan raƙumi, sa'an nan muka ce kada ya nemi ƙarin harawa. Mu ma masu rubutun nan ba mu wanke kanmu ba, da hannunmu a cikin aljihunsa.

Samari kuma, kada ku yi tafi tukuna, don ku ma da naku. Mun ji waɗansunku a bakin shago suna cewa ya tattara gobe-gobe ya hau jirgi, ai Faris awa biyu ce daga Liyon tun 1983. Ku ma lambar kawai kuka ji. Ɗakin da mutum zai miƙe ƙafa ya taɓa bango a Faris yakan ci kusan Yuro dubu a wata, ya fi na Liyon nesa. Ƙarin da aka yi masa tayi, in aka cire rabon hukuma aka cire bambancin haya da kuɗin sake rajista a majalisar lauyoyin Faris, yana yiwuwa abin da zai saura bai kai a sayar da barci dominsa ba. Manyan ofisoshin Ingilishi da Amurkawa da ke can suna biyan sabon lauya ninki biyu na ƙa'ida ko fiye, gaskiya ne, amma sukan saye dare da rana da Asabar da Lahadi, mai ƙara na kanka kuwa sai dai a mafarki. Wanda ya bar gidan da aka hana shi jari ya koma gidan da za a hana shi jari da barci, ya saki reshe ya kama ganye. Har wa yau yaronmu baƙo ne, da katin zama yake aiki, ran sabunta katin kuwa hukuma takan dubi ko sana'arsa tana ci da shi. Wata biyu ko uku na zaman banza, da ɗan ƙasa zai shanye, shi suna iya jawo masa abin da ba a so. Saboda haka ba mu ce ya yi fushi ya buga ƙofa ba. Mun ce yana da ikon tashi, tashin kuwa ba laifi ba ne, wata bakwai ko shekara bakwai.

Ga wasiƙar da muke so a aika a madadin waccan. A ce masa ya fara zama da mai ofis ido da ido, ya nemi ƙari, ya kuma nemi a yanka masa lokaci da ɗaki na ganin nasa mutane, a rubuce. Ya je wurin ƙungiyar matasan lauyoyi, wadda ta Faris tun 1922 take, kowace shekara kuma takan buga kuɗin da take ganin ya dace a biya sabon lauya, sama da na majalisa, a Liyon ma akwai irinta, su duba masa takardun biyu. Ya tambayi masu tayin Faris wa zai koya masa aiki, lauya nawa suka bar gidan bara, ko akwai wani ƙarami a cikinsu mai shari'ar kansa. In mai ofis na Liyon ya gyara, ya zauna, domin mutanensa suna Guillotière, jarinsa ke nan. In ya ƙi, to kada ya ajiye na hannu sai sabuwar takarda ta zo da sa hannu, sa'an nan ya ba da wata ukunsa cif, ya gama kowane aiki da ke gabansa, ya miƙa shi a tsabtace, ya yi sallama da kowa har mai shara. A kuma ƙara masa layi ɗaya a ƙasa, da hatimin ƙungiya, cewa an ɗauke masa aike na wata shida, kowa ya ji da kansa.

Magatakarda ya yarda ya riƙe waccan wasiƙa har taro mai zuwa, ran Lahadi bayan la'asar, a zauren Sarkin Zongo. Muna roƙon a sake karanta takardar yaron tun daga bisimilla har sa hannu, kada kowa ya yi magana sai an kai aya. Wanda ke da amsa ga abin da muka rubuta ya kawo ta a rubuce, za mu buga masa ita a fitowa ta gaba ba tare da rage ko harafi ba. Masu littafin bashin nan kuma muna roƙo su zo da kansu, kada su aiko yaro.